Ranar da Tsohuwa Ta Yi Shiru

Duk wanda ya ce inji ba ya surutu, bai taɓa zama a ɗakin sa-ido na gidan ƙyanƙyasar kaji ba. Auta ta zauna, ta kuma ji a jikinta. Kowane injin ƙyanƙyasa a gidan yana da waya da ta bi ta cikin rufi ta sauko bayan kwamfutar ɗakin, kuma ta wannan wayar yake turo saƙo: zafina kaza, danshina kaza, na juya ƙwai, an buɗe mini ƙofa, an rufe. Aikin mai zama a kujerar shi ne ya karanta. In abin dubawa ne ya tashi mutum ya je ya duba, in ba komai ba ne ya danna maɓallin “na gani”, saƙon ya wuce.

A faɗe dai abu ne mai sauƙi. Amma ranar da Auta ta fara aiki, abin da ta tarar ya ɗaure mata kai. Saƙonni na zubowa a allon kamar an ɓalle kan famfo, ƙararrawa na ta tsiwa ba ƙaƙƙautawa, ga kuma wani zabgegen mutum da ake kira Dogo a kan kujera, kofin shayi a hannun dama, yatsan hagu a kan maɓalli, yana dannawa ko kallon allon ba ya yi.

“Yaya Dogo, ba ka karanta ba fa,” in ji ta.

“Ƙanwata, in na ce sai na karanta duk abin da waɗannan suke faɗa, sai dai a kawo mini katifa nan. Rabin surutun ma na Tsohuwa ne.”

Tsohuwa ita ce ƙaramin injin da aka fara gidan da shi. Da manyan injina suka zo, sai aka tura ta can ɗakin baya, bayan filin wanke-wanke, aka bar mata ƙwan mutanen waje, masu kiwon gida da ke kawo tire ɗaya ko biyu. Fentinta ya koɗe, an ɗaure mariƙin ƙofarta da roba, ƙararrawar jikinta kuwa ta mutu tun kafin Dogo ya fara furfura. Amma baki, tabɗi! Sauran injina sai wani abu ya faru suke magana. Ita ko babu abin da ya faru sai ta turo: ina nan, zafina kaza. Kafin ka ajiye kofi ta sake: ina nan, zafina kaza. Haka take yini.

Manaja mutum ne da ba ya son doguwar magana. Wata rana ya leƙo, ya ga yatsan Dogo na aikinsa, ya juya wajen Auta ya ce, “Ba wannan kika karanta a makaranta ba? To, yi mana maganinsa, kafin wata rana ya danna ‘na gani’ a kan gobara.”

Ta kuwa zage ta yi. Ta rubuta wa kwamfutar wata ’yar doka da Dogo ya laƙaba wa suna rariyar Auta. Dokar guda ce tak: in inji ya maimaita abin da ya riga ya faɗa, kada a nuna, a bar lambar da ke allon yadda take, sai in magana ta canja a sanar da mutum. Ranar da aka kunna ta, ɗakin ya yi tsit, har Dogo ya ce yau ya san fankar ɗakin tana da ƙara. Ba a yi sati ba wani babban inji ya turo cewa ya kasa juya ƙwai, saƙon ya tsaya shi kaɗai jajir a tsakiyar allo, aka ruga aka gyara kafin a yi asara. Manaja ya ce, “Madalla.” A bakin Manaja, wannan kalma ɗaya daidai take da jawabin yini guda. Auta ta koma gida ranar kanta ya yi girma, kuma gaskiya ta cancanta.

To, Auta tana da wani mai surutun a gida, shi ne Babanta. Tela ne da ido ya gaji ya ajiye keke. Tunda Mama ta rasu bara, kullum da hantsi sai ya kira ta a waya, da yake ita ɗaki ta kama kusa da wurin aiki, kuma maganar ba ta canjawa: “Auta, kin tashi lafiya? Ba komai, na ce dai in ji ki.” Shi ke nan. In ta ce, “Baba, akwai wani abu ne?” sai ya ce, “A’a, yi aikinki.”

Abin da Mama ta bar masa da yake ɗebe masa kewa shi ne kajinta. Jajaye ne masu tukku a ka, irin da ta taho da su daga gidan iyayenta, ba ta taɓa yarda irinsu ya yanke a hannunta ba. Baba da a da ko hatsi bai san inda ake ajiye musu ba, sai ga shi ya koma yana hira da su kamar mutane. Ana haka wasu karnukan yawo suka ɓarke ragar akurkin suka shiga. Ko ɗaya ba su bari ba. Abin da ya tsira sai ƙwan da wata kaza take tarawa a bayan tsohon keken ɗinki, ba su kai ashirin ba.

Da kansa ya kawo su wurin aikin Auta. Ya naɗe su a tsohon zanen Mama, ya jera a kwali, ya rungume kwalin a cinya tun daga gida har motar haya ta sauke shi. Manaja ya ce doka ce, ƙwan waje ba ya shiga manyan injina, sai dai Tsohuwa. Dogo ya yi wa kowane ƙwai alama da fensir, ya jera su a tiren sama. Baba ya tsaya yana ƙare wa injin kallo, da robar mariƙinta da komai.

“Auta, wannan abar za ta iya kuwa?”

“Za ta iya, Baba. Ina ganin numfashinta a allo daga inda nake zaune. Ko tari ta yi sai na sani.”

“To, na bar miki. Su ke nan suka rage na Mamanki.”

Daga ranar kiran hantsi ya sami ƙari: “Ya ƙwan Mamanki?” Ita kuma amsar ɗaya ce, “Suna nan lafiya, Baba.” Tun tana amsawa da fara’a, har ta fara jin kiran yana katse mata aiki. Wata rana ya kira Manaja na tsaye a kanta yana bayani, wayar ta ɗauki ƙara, Manaja ya harare ta. Tana fita ta sa wa lambar Baba shiru. Ta ce wa ranta ai ba wani sabon abu yake faɗa ba. In ta sami sarari da rana za ta ga kiran, ta tura masa ’yar gaisuwa a rubuce. Haka aka ci gaba. Ni dai ba zan ce muguwa ce ba. Gajiya ce irin ta mai aiki, wadda kowa ya san ta.

Saura kwanaki kaɗan ƙwan su ƙyanƙyashe, aka yi ranar babban wanki. Masu wanke-wanke suka cika filin baya da tirelolin ƙwai da kumfa, injin feshin ruwa na ta ruri tun da safe. A ɗakin sa-ido kuwa lafiya lau: allo kore shar, kowane inji da lambarsa, ba ja ba rawaya. Dogo har gyangyaɗi ya yi.

Sai da rana ta take sannan Auta ta jawo jakarta don ta ci abin da ta zo da shi. Ta ɗauko waya da niyyar tura wa Baba gaisuwar da ta saba. Ta duba. Babu kiran da ta rasa.

Ta sake dubawa, ko idonta ne. Na jiya yana nan, na shekaranjiya yana nan. Na yau babu. Mutumin da ko zazzaɓi yake sai ya kira! Ta danna lambarsa, aka ce wayar a kashe take. Ta sake, haka. Abin da ya fi ci mata rai shi ne tun hantsi ya kamata ta sani, amma wayar da aka sa wa shiru, ko an kira ko ba a kira ba, duk ɗaya take a cikin jaka.

Ta kira yayarta, wadda gidan aurenta ke layin bayan na Baba.

“Yaya, don Allah ajiye duk abin da kike yi ki leƙa Baba. Bai kira ni ba yau.”

“Ke da kike ƙorafin ya dame ki?”

“Yaya, don girman Allah!”

Yaya ta ji muryar ba ta wasa ba ce, ta ce ga ta nan ta fita. Auta ta riƙe wayar da hannu biyu tana kai da kawowa a ɗan ɗakin. Dogo ya farka ya ce lafiya, ta ɗaga masa hannu. Babu irin tunanin da bai zo mata ba. Ta ga Baba a faɗe a tsakar gida, ta ga ƙofa a kulle ta ciki.

Wayar ta yi ƙara. Tun kafin ta yi magana ta ji dariyar Yaya.

“Ga tsohonki nan, garau, ya fi ni lafiya. Akurki yake wankewa wai baƙi za su zo, wayar ta sulluɓe daga aljihu ta faɗa bokiti. Ungo shi.”

“Auta,” in ji Baba, “yi haƙuri, na tayar miki da hankali. Wallahi na ɗauka ba kya ma lura da kiran.”

Bai faɗa da gori ba, kuma shi ya sa maganar ta soke ta.

“Ya ƙwan Mamanki?”

“Suna nan la...”

Ta ɗaga ido ga allon don ta tabbatar, kamar yadda ta saba. Ga Tsohuwa can a kusurwar ƙasa, kore shar, zafinta daidai. Daidai ƙwarai. Daidai da yadda ta gan shi da safe, ko ɗigo bai motsa ba. Lambobin sauran injinan kan ɗan hau su ɗan sauka, musamman da rana ta yi zafi haka. Na Tsohuwa kamar an manna da gam.

“Baba, zan kira ka,” ta ce, ta kashe.

Ta buɗe bayan rariyar, inda duk saƙonni suke taruwa kafin a tace su. Ta nemo na Tsohuwa. Ina nan, ina nan, ina nan, a jere tun asuba, sai kuma suka yanke da safe, wajen lokacin da masu wanki suka fara aiki. Daga nan babu ko ɗaya. Rariya ba ta ga sabuwar magana ba, don haka ta bar tsohuwar lamba a allo, kamar yadda Auta da hannunta ta umarce ta.

“Innalillahi! Yaya Dogo, Tsohuwa!”

Ba ta san lokacin da ta ratsa filin wankin ba, takalminta ɗaya ma can ta baro shi cikin kumfa. Ɗakin baya shiru, babu ƙugin fanka, fitilar injin a mace. A bango kuwa ga fulogin Tsohuwa yana lilo, a soket ɗinsa an cusa na injin feshi, wanda aka ja wayarsa ta taga. Masu wanki sun nemi wuta, sun ga tsohon akwati a ɗakin da ba kowa, sun cire, sun gama aikinsu, sun tafi cin abinci. Manyan injina suna da batirin da in wuta ta yanke za su yi kururuwa. Tsohuwa ba ta da shi. Ita in wuta ta tafi, bakinta ma ya tafi.

Dogo ya fizge fulogin feshin ya mayar da nata. Fanka ta yi tari ta tashi. Auta ta kai hannu za ta buɗe ƙofar, ya tare ta.

“Kar ki buɗe! Ɗan ɗumin da ya rage ne zai fice.”

Suka manna fuska a gilashin ƙofar. Akwai tsohon ma’aunin zafi da ke rataye a ciki, ya sauka ƙasa sosai. Ƙwan Mama na tiren sama da alamar fensir ɗinsu, ba abin da ya nuna a jikinsu. Auta ta zame ta zauna a ƙasa, a jiƙaƙƙen siminti, ta fashe da kuka.

“Na ce masa ko tari ta yi sai na sani. Ni na toshe mata baki, Yaya Dogo. Da hannuna.”

Dogo ya tsuguna. “Ni ma ɗazu na wuce ta ƙofar nan har sau biyu. Da can ba na wucewa ban leƙa ba. Yau na ce ai allo kore ne. Tashi, ƙanwata, kuka ba ya ɗumama ƙwai.”

Da zafin ya dawo daidai, suka tura ƙofar ɗakin, suka rataya buhu a taga don ya yi duhu. Dogo ya riƙa zaro ƙwan ɗaya-ɗaya da sauri, yana haska ƙaramar tocila a gindinsu. Na farko, duhu kawai, ba motsi. Na biyu haka. A na uku Auta ta ga wata inuwa ta ɗan zillo, kamar mai barci ya gyara kwanciya.

“Ya motsa! Wallahi ya motsa!”

“Na gani. Wasu da rai. Amma kar ki ɗora rai da yawa, sanyi ya shige su. Waɗanda za su fito ma sai sun makara.”

Manaja bai yi ihu ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya saurari Auta har ta gama, ya ce masu sauran ƙwan da ke cikin Tsohuwa shi zai kira su da kansa, sannan ya ce, “Cire rariyar nan. Gara surutu.”

“Ranka ya daɗe, in an cire, Yaya Dogo zai koma danna maɓalli ido rufe. Ko da babu rariya, da wuya mu lura layi ɗaya ya daina zuwa cikin wancan ambaliyar. Laifina shi ne na koya mata sauraron magana, ban koya mata jiran magana ba. Ka ba ni zuwa lokacin tashi daga aiki.”

Ya dube ta, ya dubi ƙafarta mai takalmi ɗaya. “Zuwa tashi,” ya ce.

Abin da ta ƙara ba shi da yawa. Yanzu kwamfutar tana sa ran jin kowane inji. Tsohuwa da ma tana gaisuwa da kanta. Sauran kuwa kwamfutar ce za ta riƙa tambayarsu lokaci-lokaci ko suna nan. Gaisuwar ba za ta cika allo ba, sai dai wani ɗan ɗigo kusa da sunan injin ya ƙifta duk lokacin da ta iso. Wanda lokacinsa ya wuce ba a ji shi ba, lambarsa ta goge, gurbinsa ya koma ja, ƙararrawa ta tashi, kuma maɓallin “na gani” ba zai kashe ta ba sai an je an duba. Kafin a tashi, Manaja da kansa ya je ya zare wayar wani inji da ba ƙwai a cikinsa. Bai dawo ɗakin ba ƙararrawa ta cika gidan. Ya mayar da wayar, ya sa aka ɗaure fulogin Tsohuwa a bango da ƙarfe, ya tafi abinsa.

Saura mai wuyar. Auta ba ta koma ɗakinta ba, gidan Baba ta wuce. Ta same shi a tsakar gida rana na shirin faɗuwa, yana ɗinke sabuwar raga a jikin akurki da zaren ƙarfe, ɗinki ƙanana a jere irin na tela. Ya share ciki, ya zuba sabon yashi, har ya wanke ’yar tasar ruwan da Mama take amfani da ita. Ganin haka ya sa ta ji kamar ta juya. Ta dai durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa komai, ba ta rage ba, har da shirun da ta sa wa lambarsa.

Baba bai ɗago ba sai da ya ƙarasa ɗinkin da ya fara.

“Suna da rai?”

“Wasu suna motsi, Baba. Ban san ko za su kai ba.”

“Uhm.” Ya lanƙwasa bakin zaren. “Akwai wata kazar Mamanki, mai yawon tsiya. Sai ta tashi daga kan ƙwai ta tafi gantali rabin yini. Mamanki ta yi ta zaginta, ta ce wannan ba uwa ba ce. Amma ƙwan nan sai su fito. Irin nan suna da taurin rai.” Ya miƙa mata gefen ragar. “Riƙe mini nan. Batun waya kuwa, ni ma na san ina damunki. Gidan ne ya yi shiru da yawa.”

Ta riƙe masa ragar, hawaye na zuba, ba ta da hannun sharewa.

Ranar da ya kamata su ƙyanƙyashe ta zo ta wuce, ko tsaga babu a jikin ƙwai ɗaya. Auta ta yi ta zarya tsakanin ɗakin sa-ido da ɗakin baya har Dogo ya ce za ta cinye simintin. Baba ya karɓi tsohuwar wayar Yaya, ya kira da hantsi, wayar ta yi ƙara sosai a kan tebur, Auta ta ɗauka a bugun farko. Ta ce tukuna. Ya ce to, Allah ya sa mu ji alheri. Washegari ma da safe shiru. Manaja ya leƙo ya ce akwai masu jiran injin, kuma ƙwan da ya mutu in ya daɗe a zafi fashewa yake yi ya ɓata wuri. In gobe ba labari, za a kwashe a wanke. Auta ta ce to. Ta zauna ta zuba wa ɗan ɗigon Tsohuwa ido, yana ƙiftawa, yana ƙiftawa. Abin da a da yake ba ta haushi, yanzu shi kaɗai ne yake kwantar mata da hankali.

Can bayan azahar ƙararrawa ta yi ’yar ƙara guda. Saƙo ɗaya ya tsallake rariya ya tsaya rawaya a allo. Daga Tsohuwa ne: danshi ya hau.

Auta ta zabura. “Shi ke nan, wani abin ya sake lalacewa. Ko ƙwai ne ya fashe?”

Dogo ya miƙo dogon wuyansa ya karanta. Sai ta ga ya ajiye kofi a hankali, bakinsa ya fara washewa.

“Ƙanwata, ba wanda ya ƙara mata ruwa, ko?”

“Babu.”

“To, ɗan tsako a jiƙe yake fitowa. In suka fara fitowa da yawa, danshin inji hawa yake yi.”

Wannan karon da takalmanta biyu ta isa, amma Dogo duk tsawon ƙafarsa a bayanta ya zo. Tun daga bakin ƙofa ta ji su, siririn kuka ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin ƙugin fanka. Ta manna goshi a gilashi. Tirelolin ƙasa sun fara motsi. A tiren sama kuwa ga ɓawo a fashe da alamar fensir a jikinsa, ga wani abu jiƙaƙƙe ya baje yana haki, ga wani ya riga ya bushe ya miƙe yana tangaɗi, ga wani ƙwan da ɗan baki ya huda yana ta fama. Ba duka ba ne. Kusan rabi suna nan yadda aka jera su, kuma ta san ba za su tashi ba. Ta ji zafin wannan, ba ta ɓoye wa kanta ba. Amma wanda ya bushen nan ja ne, kuma a tsakiyar kansa akwai wani ɗan tsiro na gashi a tsaye, kamar an ɗora masa auduga.

Ta lalubo waya ta danna lambarsa. Baba ya ɗauka.

“Auta? Lafiya, da rana haka?”

“Baba, saurara.”

Ta kara wayar a ramin iskar da ke gefen injin. Ta bar ta nan ɗan lokaci, ’yan tsakin na ta tsiyu-tsiyu, sannan ta mayar kunnenta.

“Ka ji su?”

“Na ji. Akwai... akwai mai tukku?”

“Akwai, Baba. Ja ne. Yana kallona yanzu haka, da rashin kunya irin na kajin Mama.”

Sai layin ya yi shiru. Ba magana, ba tari, ba motsi. Ta cire wayar ta duba ko ta katse, ta ga ba ta katse ba. Dogo ya juya baya yana gyara buhun taga da ba abin da ya same shi. Shirun ya yi tsawo har gabanta ya fara faɗuwa.

“Baba? Baba, kana ji na?”

Ta ji ya ja hanci, ya sauke numfashi.

“Ina nan, Auta,” ya ce. “Ina nan. Mayar da wayar wajensu.”